Tsatsa A Birkin Bayan Tsohon Babur: Matsewa Ba Gyara Ba Ce

Da zarar damina ta ɗauke a ƙasar Kambole, wato wajen ƙarshen watan Oktoba, akwai wata ƙara da kunne kan saba da ita a hanyoyin gona da bakin kasuwa. Ita ce kukan birkin babur. Mai babur ya taka, sai ka ji ƙiii kamar ana wasa adda a kan dutse. In ka yi masa magana ya ce ai ƙura ce, za ta daina. Wani kuwa ko kukan ba ya ji, sai dai in ya taka birkin ya ƙi dawowa, sai ya sa bayan ƙafa ya ɗago shi. Duk waɗannan alamun abu guda ne, tsatsa ta shiga cikin cibiyar tayar baya, inda ido ba ya gani.

Mun ga ya kamata mu tsaya a kan wannan al'amari a wannan wata domin dalili biyu. Na farko, lokacin kwasar amfanin gona ne, za a ɗora wa babura doya da masara da waken soya da gawayi, sa'an nan in an jima kaɗan, daga watan Fabrairu, buhunan yazawa su biyo baya, tun da ƙasar Tchamba, wadda Kambole ke cikinta, ta yi suna a noman yazawa. Na biyu kuwa, yawancin 'yan'uwanmu masu hawan babur da birkin baya kaɗai suke tsayawa. Na gaba an bar shi kamar ado, wai tsoro ake kada ya kifar da mutum. Masu koyar da tuƙi sun daɗe suna cewa a kan kwalta busasshiya birkin gaba ne ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin ɗari na aikin tsayawa, kuma gaskiyarsu ne. Amma mu yi maganar abin da ke ƙasa: a kan jar ƙasa mai tsakuwa, da buhu uku a baya da mace da goyo, ƙafar dama ce ke riƙe da rayukan da ke bisa. Idan birkin da ake dogara da shi guda ɗaya ne, to bai kamata a ce shi ne aka fi sakaci da shi ba.

Babur ba baƙo ba ne a wannan yanki. Hanyar da ta taso daga Sokode ta bi ta Tchamba, kimanin kilomita 35 a gabas, sa'an nan ta karkata kudu maso gabas zuwa Kambole da bakin iyakar Jamhuriyar Benin, hanya ce ta fatauci tun zamanin da ayarin Hausawa ke ratsa ƙasar Kotokoli da jakuna za su Gwanja sayen goro. Jaki ya ba keke wuri, keke ya ba babur. Haya da babur kuwa daga Benin ta shigo, inda ake kiran masu ita zemijan, ta kuma yi ƙarfi a Togo lokacin dogon yajin aikin nan da aka fara a watan Nuwamba 1992, wanda ya ɗauki kusan wata tara, motocin haya suka yi wuya. Ita ce sana'ar da ake kira kabu-kabu a Nijar, acaɓa a Kano. Ba a daɗe ba, a watan Janairu 1994, aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan gyara na waje suka yi tashin gwauron zabo. Daga nan ne makanikanmu suka ƙware a dabarun lallaɓa tsohon ƙarfe, waɗansu dabarun na kirki, waɗansu kuwa na kai mutum asibiti.

Baburan wancan zamani, su Yamaha Mate da Suzuki da Honda CG125, har gobe akwai ragowarsu a zaurukan gidaje da ƙarƙashin mangwaro. Ita CG125 da Honda ta fitar a 1975, an ƙera ta ne musamman domin ƙasashen da ake wa inji aikin jaki ba a kula da shi, shi ya sa da baburan Sin suka cika kasuwa daga shekarun 2000, da yawansu zubinta suka kwaikwaya. Wannan ya yi wa mai tsohon babur rana, domin sau da yawa takalman birkin sabon babur kan shiga tsoho. Birkin baya dai a dukkansu iri ɗaya ne, kuma tsohon tsari ne ƙwarai: tun 1902 Bafaranshen nan Louis Renault ya yi rajistar irinsa domin mota.

Yadda yake aiki ba wuya. Cibiyar tayar baya kamar kwano take, jikinta alminiyam ne, amma an zuba mata zoben baƙin ƙarfe daga ciki. Wannan kwano shi Faransawa ke kira tambur, Turawan Ingila ma sunan ganga suka ba shi. Yana juyawa tare da taya. A bakinsa akwai murfi wanda ba ya juyawa, an ɗaure shi da jikin babur da wata sanda. A jikin murfin daga ciki akwai takalman birki guda biyu masu siffar jinjirin wata (Faransawa muƙamuƙi suke ce musu, mashwar), kowanne an manna masa fata mai kaushi a baya, wadda makanikai da yawa ke kira ferodo, sunan wani kamfanin Ingila da ya yi fice wajen yin ta. Sifirin biyu ne ke riƙe da takalman a tsuke. A tsakanin kawunansu akwai wani ɗan ƙarfe mai faffaɗan kai, kam ke nan, wanda wuyansa ya huda murfin ya fito waje, aka sa masa hannu. In ka taka birki, sandar birki ta ja hannun, kam ya murɗa, ya buɗe takalman, fatarsu ta danne zoben ƙarfe, taya ta tsaya. In ka saki, sifirin ya mayar da kowa mazauninsa. Shi ke nan. Ba mai, ba wuta, ba abin da ya fi ƙarfin mai sifana da haƙuri.

To ina tsatsa ke shiga? Murfin nan ba ya rufe kwanon ruf, dole a bar ɗan tsakani domin taya ta juya. A ƙasar Sokode da Kambole ruwan sama kan haura milimita 1,200 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma mai zuwa gona ba shi da zaɓi sai ya ratsa rafi da kwatami. Ruwa da laka su shiga, a dawo gida a jingine babur, su kwana a ciki. Ga kuma wankin babur a bakin rafi, ko da injin feshin nan mai ƙarfi da yara ke nufar cibiyar taya da shi don ta yi ƙyalli. A Dapaong, can arewa, ruwan bai kai haka ba, amma hunturu na kawo ƙura mai laushi kamar gari, ta haɗu da giris ta zama abin goge ƙarfe. Saboda haka birkin Dapaong ya fi mutuwa ta cinyewa, na Kambole ta tsatsa. Babur ɗin da aka sayo a kasuwar Cinkasse, ya yi shekaru a arewa sa'an nan ya gangaro kudu, shi kan haɗa cutar biyu.

Abin da muka fi so mai karatu ya riƙe shi ne wannan: jar tsatsar da ake gani a kan zoben kwano in an buɗe, wadda ke ba mutane tsoro, ita ce mafi sauƙi. Masu kisa ɓoye suke, kuma wuri biyu suke zama. Ɗaya a wuyan kam, inda baƙin ƙarfe ya ratsa alminiyam. Nan in ruwa ya zauna sai ƙarfen biyu su cije juna, birki ya yi tauri wajen takawa, in ya kama kuma ya ƙi saki. Ɗayan kuwa a ƙarƙashin fatar takalmi. Shi takalmin alminiyam ne, tsatsarsa fara ce kamar toka, tana tasowa a hankali ta ɗaga mannin. Daga waje fatar na nan da kaurinta, sai ka rantse sabuwa ce. Ran da ta ɓalle ana cikin tafiya, sai ta cushe tsakanin takalmi da kwano, tayar baya ta ƙame nan take. Wanda ya taɓa ganin babur mai kaya ya ƙame a gangara ba ya bukatar a yi masa bayani. Tsohon babur da ya yi shekara biyu ko uku a ajiye, wannan ita ce cutar da ya kamata a fara zarginsa da ita, ko da injinsa ya tashi da bugu ɗaya.

Abin da aka saba yi kuwa kowa ya sani. Mai babur ya tsaya a bakin gareji ko sauka bai yi ba, ya ce, Oga, a ɗan matse mini birki. Yaron shago ya zo ya murɗa notin da ke ƙarshen sandar birki sau uku ko huɗu, a ba shi na goro, a wuce. In zaren sandar ya ƙare, sai a zare hannun birkin a mayar da shi baya da haƙori ɗaya ko biyu. In wannan ma ya ƙare, sai a yanko gwangwanin tumatir a naɗe kawunan takalman don su ƙara tsawo. Muna ganin wannan ba tattali ba ne, ganganci ne. Dalili kuwa, kam an yi shi ya ɗan murɗa ne kawai. In fata ta cinye aka ci gaba da tilasta masa, wata rana zai juye ya tsaya a gicciye tsakanin takalman, sifirin ba za su iya mayar da shi ba, taya ta kulle. Masu ƙera babur sun san da haka, shi ya sa a yawancin baburan Japan suka sa 'yar kibiya a gindin hannun birki da wata alama a jikin murfi. In ka taka birki kibiyar ta kai kan alamar, takalman sun gama aiki, sai canji. 

Yanzu sai gyaran na ainihi. Aiki ne na yini guda in komai ya zo da sauƙi, kwana biyu in kam ya cije, kuma kada a fara shi ranar jajiberin kasuwa.

A kafa babur a kan tsayuwarsa ta tsakiya a wuri mai tauri, a shimfiɗa buhu ko kwali domin ƙananan abubuwa kada su ɓace cikin ƙasa. Kafin a taɓa komai, a dubi yadda hannun birki ke zaune a kan kam, galibi akwai ɗigo a kan kowannensu da ya kamata su yi daidai. In ba a gani ba a yi alama da ƙusa. Mai wayar hannu ya ɗauki hoto, ba abin kunya ba ne. A kwance notin sandar birki, a adana ɗan sifirin ɗinta da ɗan ƙarfen da take ratsawa. A cire fil mai ƙafa biyu da notin sandar da ke riƙe da murfi, sa'an nan notin aksil, a zare aksil ɗin, a lura da gefen da kowane zobe ya fito. A babura irin su Mate masu rufaffiyar sarƙa, taya kan zame ta bar faifan sarƙar a wurinsa. A irin su CG kuwa sai an sauke sarƙar.

Murfin yakan ƙi fita. Dalili shi ne takalman sun ci zoben kwano sun bar ɗan leɓe a bakinsa, tsatsa kuma ta hau leɓen. Nan ne gaggawa ke jawo asara. Mun sha ganin murfin da aka ɓalle wa baki saboda an zura masa sukurdireba an ɓanɓare da ƙarfi, alhali alminiyam ba ya lanƙwasa, karyewa yake, na tsohon babur kuma ba kullum ake samunsa ko a Sokode ba. Abin yi shi ne a mayar da hannun birki baya iyakarsa, a riƙa juya murfin ana jansa a hankali, ana ɗan bubbuga gefensa da katako.

In ya fito za a tarar da baƙar ƙura a ciki. Jama'a, kada a hura ta da baki, kada a sa mata iskar famfo. Fatar birki ta da, da ma wasu masu arha na yanzu, ana haɗa su da wani ma'adini mai suna asbesto, Faransawa na ce masa amiyant. Zarurrukansa ƙanana ne ido ba ya gani, in sun shiga huhu ba sa fita, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar suna jawo kansar huhu da ta fatar da ke lulluɓe da shi, cutar da kan bayyana bayan shekara ashirin ko fiye. Faransa ta haramta shi a 1997, Tarayyar Turai baki ɗaya a 2005, amma har yanzu akwai ƙasashen da ke haƙarsa suna aiki da shi, kwalin takalmin birki kuma ba lalle ya faɗa maka abin da ke ciki ba. Wanda abin ya fi shafa shi ne yaron shago ɗan shekara goma sha biyar da ake ba wankin kaya kullum. Muna roƙon iyayen gidan gareji, don Allah a jiƙa tsumma da ruwan sabulu a goge ƙurar tana danya, a ƙulle tsumman a leda a yar, a wanke hannu kafin a ci abinci. Amanar yaran nan na wuyanku.

Takalman ana fitar da su ne ta hanyar naɗe su kamar ana rufe littafi, su fito tare da sifirin ɗinsu. A duba su da kyau. Sabuwar fata a irin waɗannan babura kaurinta wajen milimita 4 ne, in ta sauka zuwa 2 ta ƙare. A sa farce ko bakin wuƙa a gefen fatar, in ta ɗaga ko kaɗan, ko an ga farin gari na fitowa daga ƙarƙashinta, a yar. In ta sha mai ma a yar. Akwai masu wanke ta da fetur su kyasta mata ashana wai man ya ƙone. Saman ne kawai ke bushewa, da ta yi zafi a hanya sai man ciki ya sake tsatsowa, wutar kuma ta riga ta raunana mannin. A ra'ayinmu, tsohon babur da aka buɗe domin tsatsa, a saya masa sababbin takalma kawai ko da tsofaffin sun yi kyan gani. A tafi kasuwa da tsohon a hannu a gwada, domin akwai masu kama da juna da suka bambanta a faɗi ko a mazaunin sifirin. A nan ne maganar Hausawa ta araha ba ta ado take da wurin zama: takalmin da fatarsa ke marmashewa in ka kankare ta da farce tun a kanti, a bar wa mai shi kayansa. Sifirin kuwa in sun yi tsatsa har ta ci jikinsu, ko sun saki, su ma a canja. Guntun sifirin da ya karye a cikin kwano ɓarnarsa ɗaya da ta fatar da ta ɓalle.

Sai kam, wanda shi ne zuciyar aikin. A kwance hannun, a cire 'yar kibiyar da zoben auduga ko roba da ke ƙarƙashinta, a tura kam ɗin ciki. In lafiyayye ne da yatsa zai fita. In ya cije, a ɗiga masa kananzir ko man fesawan nan na kwance tsatsa ta gaba da baya, a bar shi ya kwana. Da safe a riƙa murɗa shi hagu da dama kaɗan kaɗan. In sai an buga, a dafa murfin a kan katako, a sa wani katakon tsakanin guduma da kan kam, domin in haƙoran suka baje hannun ba zai sake shiga ba. Ruwan zafi da aka kwarara a kan murfin yakan taimaka, tun da alminiyam ya fi baƙin ƙarfe saurin buɗewa in ya ji zafi. In ya fito, a goge wuyansa da samfefa mai laushi har ya yi haske, a naɗe wata samfefar a jikin kara a share ramin. A mayar a gwada, ya riƙa juyawa sumul amma ba ya girgiɗi. In yana rawa sosai ramin ya cinye, sai a kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su sa masa zoben tagulla, ko a nemi wani murfin. Turken da ɗaya kan takalman ke zama a kai shi ma a goge shi haka.

Kwanon kansa ba ya cin lokaci. Samfefa mai lamba 80 ko 120, a bi zoben da ita zagaye, ba a tsaya wuri ɗaya ba, har jar tsatsa ta tafi ƙarfe ya fito. Ƙananan ramukan da tsatsa ta bari ba su hana birki ci. Leɓen bakin a rage shi a hankali. Abin da ya fi muhimmanci shi ne awo. Yawancin ƙananan baburan nan faɗin kwanonsu milimita 110 ne yana sabo, kuma in ya kai 111 Honda ta ce ya ƙare, sau da yawa ma lambar iyakar na rubuce a jikin kwanon. Milimita ɗaya tak, mai karatu, ita ce duk rayuwar kwano. Kwanon da ya wuce nan ko an sa masa sababbin takalma sai kam ya murɗa fiye da ƙima kafin su taɓa, an koma gidan jiya. A auna wuri biyu ko uku a gicciye. In awon ya saɓa, kwanon ya zama kamar ƙwai, shi ne ke sa matakin birki ya riƙa harbin ƙafa in an taka. Masu injin sassaƙa na iya daidaita shi in akwai sauran nama, kuma an fi so a yi haka da tayar a ɗaure da wayoyinta, domin ɗaurin wayoyin kansa na iya jan kwano. Amma in an ga zoben ya tsage, ko tsatsa ta shiga tsakaninsa da alminiyam ta kumbura shi, to wannan cibiya ta gama yayi, ba walda ba dabara. A ƙarshe a goge ciki da sifirit ko ruwan wanke birki na gwangwani. Ban da kananzir, ban da man dizal, domin suna barin maiƙo.

Tun da taya na ƙasa, a sa yatsa a juya boris ɗin cibiya. In yana gurnani ko yana girgiɗi a canja, don boris da ya mutu yakan sa kwano ya karkace, giris ɗinsa kuma ya zubo kan fata. A duba robobin da ke bayan faifan sarƙa.

Wajen mayarwa, giris kaɗan ake so, irin mai jure zafi, gwargwadon ƙwayar gero biyu ko uku a wuyan kam, ɗan shafe a faffaɗan kansa da kan turke. Abin da ya yi saura a goge. Hannu mai maiƙo kada ya taɓa fata ko cikin kwano. Akwai masu ɗiga baƙin mai a cikin kwano wai don kuka ya daina. Kukan kam zai daina, birkin ma haka. Maganin kuka shi ne a ɗan zaftare bakin fatar ta kowane ƙarshe da magagari, a jiƙe ba a bushe ba saboda ƙurar nan. Tsofaffin makanikai suna da wata dabara mai kyau da muke so matasa su gada: a zana layukan alli a kan fatar, a sa murfin a kwano, a ɗan ja hannun ana juyawa, a fitar a duba. Inda allin ya goge nan ne ke taɓawa. In wuri kaɗan ne, a rage tudun da samfefa a sake gwadawa har yawancin fatar ta kwanta. Sabon takalmi a tsohon kwano ba ya zama daidai da kansa, shi ya sa wani ke canja takalma ya dawo yana cewa gara na da.

A mayar da taya da zobbanta yadda suka fito, hannun birki a kan alamarsa ta asali. Kafin a ƙarasa ɗaure notin aksil, a juya taya a taka birki da ƙarfi, a riƙe shi a take ana ɗaurewa, wannan ke zaunar da murfin a tsakiyar kwano. Sandar da ke riƙe da murfi a ɗaure ta tam a sa mata sabon fil, ba ƙusa ko guntun waya ba. In wannan sanda ta kwance, murfin zai bi taya ya juya, ya naɗe sandar birki, ya kulle komai. A daidaita sarƙa tukuna sa'an nan birki, domin duk lokacin da aka ja taya baya birkin na ƙara matsewa. Matakin birki ya sauka milimita 20 zuwa 30, wato wajen faɗin yatsa ɗaya da rabi, kafin ya fara kamawa. In an taka sosai, hannun da sandar su yi kusan kusurwar gini, kada hannun ya wuce gaba. A sa mutum ya zauna a baya a tura babur a tabbata taya na tafiya sakayau, don wani birkin sai an ɗora nauyi yake kama kansa. Shi ma matakin, gindinsa kan yi tsatsa, a zare a shafa masa giris. A duba fitilar baya tana kamawa in an taka.

Gwaji a fili za a yi shi, ba a cikin kasuwa ba. A yi tafiya a hankali a tsaya, sau goma ko ashirin, ana barin kwanon ya huce. A sauka a kai bayan hannu kusa da cibiyar: ɗumi ba laifi, amma in ta yi zafin da ba a iya taɓawa alhali ba a wahalar da ita ba, birkin na ja, a sassauta. Kwanaki biyu ko uku na farko kada a ɗora kaya masu nauyi, sa'an nan a sake duba notin, domin sababbin takalma kan zauna su bar sarari.

Masu doguwar tafiya a kan babbar hanya ta ɗaya, daga Sokode zuwa Kara har Dapaong, su tuna da gangaren Aledjo da na Defale. Birkin kwano rufaffe ne, ba ya shan iska, in aka ɗora masa ƙafa tun daga sama har ƙasa sai ya yi zafi ya daina ci, ko da jiya aka gyara shi. A sa ƙaramin giya, a riƙa takawa ana saki, a haɗa da na gaba. Masu Mate da tsohuwar Suzuki, irin masu cin fetur haɗe da baƙin mai suna hayaƙi, su fi kowa kiyayewa, don injinsu ba ya riƙe babur a gangara kamar na CG. Masu zuwa gona kuwa, in an fito daga rafi a yi 'yar tafiya da ƙafa a kan birki sama sama har ya bushe ya dawo da cinsa, musamman in daga nan gida za a je a ajiye. Babur ɗin da zai daɗe a jingine a kafa shi inda ruwan indararo ba ya zuba, a riƙa juya tayar ana taka birkin ko sau ɗaya a mako. A ƙasar Kambole buɗewa ɗaya a shekara ta isa, a watan Nuwamba, kafin kaya su hau.